Nakiyar Turmin Gabu

Mutanen Aliero ba sa jin warin albasa. Ba zagi ba ne. Hancin da aka haifa a cikin albasa, ya girma a cikinta, ya yi aure a cikinta, ai ya daɗe da ajiye aiki. Haka hancin Gudiya yake, sai dai wanda ya faɗa mata haka ya shirya jin tarihin kakanninsa.

Abin da ke cin ran Gudiya shi ne autarta Bushira, wadda ta auri Naziru aka kai ta Jega bara. Yaron ba shi da laifi. Uwarsa ce matsalar, Hajiya Ummukulsum mai sayar da turaren wuta, macen da hancinta ke shiga ɗaki kafin ƙafarta. Tun ranar kai amarya ta raɗa wa yarinyar suna 'Yar Albasa, kuma duk inda Bushira ta zauna sai a bi ta da kaskon turare kamar mai aljanu. Yanzu ga ciki ya zo da laulayi mai tsanani. Ko kunu ba ya zama, yarinya ta rame sai idanu, Hajiya kuwa na gaya wa maƙwabta wai cikin 'yan Aliero bai saba da abincin kirki ba.

Maganar ta iso kunnen Gudiya ana gab da cika-ciki, bikin goma ga watan Muharram, wanda ake cewa duk wanda bai ƙoshi ba da yunwa zai ƙare shekara. Malamai sun sha cewa wannan ba ya cikin littafi, amma su ma ba a taɓa ganin sun bar loma a kwano ba. Gudiya ta rantse za ta kai nakiyar da za ta rufe bakin Jega gaba ɗaya, a san cewa ɗiyarta daga gidan tsabta da iya hannu ta fito.

Ta aika wa ƙanenta Rufa'i a Kuberi, can ƙasar Maiyama, ya turo shinkafa da zuma. Ta wanke shinkafar, ta shanya, aka niƙo, ta soya garin a hankali har ya yi ja. Ta daka citta da kanumfari da kimba, ta narka man shanu. Saura kirɓi kawai. Tana saukar da taɓarya, tsohon turminta na nakiya ya ce ɗas, ya rabe biyu.

Ga zuma ta yi zafi, ga gari yana jira. Turmi ɗaya ya rage a gidan, wanda ake daka gabu a cikinsa, wato ganyen albasar da ake kirɓawa a cura a shanya don miya. Shekara da shekaru yana shan ruwan albasa, ga damina ta sa icen ya yi laushi. Gudiya ta wanke shi da toka, ta dirje da sabulu, ta cusa kai ciki ta shaƙa. Ba ta ji komai ba. Don kada a ce ta yi son kai, ta kira maƙwabciyarta Asabe, ita ma ta shaƙa.

"Tas shike, awa sabo," in ji Asabe, wadda mijinta dillalin albasa ne.

Nakiya ta kirɓu ta yi sumul, tana ƙyalli. Mamuda, mijin Gudiya, ya ɗanɗana ya lumshe ido. "Wagga nakiya, ko Makka anka kai ta sai sun yi santi." Shi kuma tun yana goye ake zuwa da shi gonar albasa.

A motar Jega wani ɗalibin jami'a, baƙo ne daga nesa, ya dinga waige-waige yana tambayar wa ya ɗauko albasa.

"Aliero munka hito, yaro," direba ya ce. "Mi kaka son ka ji, lemu?"

Gudiya ta taya direba dariya, ta ƙara rungume kwanonta.

Ta isa da la'asar. Bushira na ɗaki a kwance, an ce kada a tashe ta. Da aka yi magariba mata suka taru a tsakar gida, kaskon turare na ta hayaƙi a ƙofar ɗakin mai ciki. Hajiya ta yini da azumi, don haka da Gudiya ta buɗe kwano ba ta tsaya yanga ba. Ta zaɓi curi mafi girma ta gatsa rabi.

Bakinta ya tsaya. Idanunta suka kawo ruwa. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta rasa inda za ta tofar a gaban suruka, dole ta haɗiye.

"Inna Gudiya," ta ce da ƙyar, "don Allah hwaɗa mini gaskiya. Wagga nakiya ta, ko gabu na anka sa ma zuma?"

Wata maƙwabciya ta gutsura, ta shinshina, ta kwashe da dariya har ɗankwalinta ya zame. Sauran suka bi. A take turmin ya faɗo wa Gudiya a rai. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta zo wanke sunan ɗiyarta, sai ga shi ta ɗauko shaidar zagin da hannunta, ta biyo mota da ita. Ta jawo murfi za ta rufe kwanon, zuciyarta na cewa gobe turmin nan zai zama itacen girki.

"Inna."

Bushira ce a bakin ƙofa, ta dafa bango, zane na neman zamewa daga ƙugunta. Gudiya ba ta zaci ramar ta kai haka ba.

"Inna, mi kinka kawo? Ƙamshin gidanmu nika ji."

Ba ta gaida kowa ba. Ta zauna a ƙasa dirshan, ta janye kwanon daga hannun uwarta, ta kai curi baki. Ta cinye, ta ɗauki wani. Hajiya ta yi maza ta turo tasa, don ta saba da abin da ke biyo baya. Mata suka zuba wa Bushira ido suna jira. Tasa ta zauna a bushe, Bushira kuwa sai ci take, hawaye na gangarowa suna haɗuwa da maiƙon baki.

"Ke da ko ruwa ba ya zama cikinki?" in ji Hajiya.

Bushira ta sunkuyar da kai. Da ciki babu komai ba za ta iya ba, amma ƙoshi ya ba ta baki. "Hajiya, ki gahwarce ni. Turaren ga na ka tashe mini zuciya. Kunya ta hana ni hwaɗi."

Ba wadda ta yi dariya a wannan karon. Hajiya ta dubi kaskon, ta dubi cikin da ke ɗauke da jikanta na fari. Ta tashi da kanta ta ɗauki buta ta tuttula wa garwashin ruwa, turare mai tsada ya yi cuu ya mutu. Ta dawo ta zauna kusa da Gudiya, ta rage murya yadda maƙwabta ba za su ji ba, amma duk sun ji.

"In wagga ta ƙare, a samu wata?"

Gudiya ta gyara zama.

"A samu. Amma ba ta yi sai cikin turmin gabu, shi ko turmin ba ya shiga mota. Ki taho Aliero da kanki ki ɗauka, Hajiya. Mu ba mu bin baƙo da kasko."

Bushira ta jingina da kafaɗar uwarta, cikinta ya cika taf, barci na fizgarta. Gudiya ta tsinci guntun da ya rage a kwano, ta faki ido ta kai hanci, ta shaƙa da kyau. Har yanzu zuma kawai take ji.