Murfin Gwangwanin Sardin

Duk unguwar 220 Logements ta Abidjan ba wanda bai san Imrana ya yi karatu ba, domin shi da kansa yake bi yana sanarwa. Aikinsa gyaran kwamfutocin wani kamfanin fiton kaya ne a bakin tashar jiragen ruwa, amma in ka ji shi yana magana sai ka rantse shi ke riƙe da Abidjan kada ta faɗa ruwa. Matarsa Laila kuwa ba ta kiransa sai "Misye Enjeniye", kuma da jin yadda take jan sunan ka san ba yabo ba ne.

Mahaifinsa, Baba Nomau, mutumin Ƙonni ne. Ya zo Abidjan yana saurayi, ya yi dako a tasha, ranakun hutu kuma yana kaɗa jita a gidajen biki na Treichville. Yana da wata tsohuwar ampli, akwatin nan da ke ƙara wa jita murya, irin ta da mai ƙwayayen gilashi a ciki da ake ce wa lampu, waɗanda sai sun yi zafi sun yi ja kafin ta yi magana. To lampun sun tsufa, ampli ta fara shaƙewa. Imrana ya karaɗe kasuwar Adjamé rumfa-rumfa, masu kayan lantarki suna yi masa dariya, wani ma ya ce ya gwada gidan tarihi.

Ga Laila da ciki ya tsufa, kuma tsoho ya riga ya yi alkawari: ran suna zai kaɗa wa jikansa jita, daga nan ya ajiye ta har abada, don yatsun sun fara ƙi.

"Amma da muryar ampli ɗina," in ji shi. "In ta mutu kafin ranar, shi ke nan, Allah bai yi ba."

"Haba Baba! Ina raye?" Imrana ya bugi ƙirji. "Zan ɗauke muryarta in zuba a kwamfuta. Lojisiyel zan rubuta, wato manhaja, ko kai ba za ka bambance ba."

Ya ɗauko ampli daga Treichville, ya rungume ta a cikin gbaka, ƙaramar motar haya, kamar mara lafiya, yaron mota yana ta mita wai ta cinye wurin mutum guda. A gida ya jona mata wata jita ya naɗi sautinta, waya bayan waya, a hankali da kuma da ƙarfi. Ya bi yadda lampu ke murɗa sauti in an matsa musu, ya mayar da shi lissafi. Gaskiya a nan ya yi ƙoƙari, kada a ci haƙƙinsa. Tuwo ya sha hucewa a gabansa.

Abu ɗaya ya hana shi sakat. Duk sanda aka taɓa waya mai kauri sai wani zizar ya biyo baya, zzz, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Babu shi a lissafi, babu shi a zanen ampli. Imrana ya yanke hukunci cewa ciwo ne na tsufa. Ya zauna ya rubuta matatar sauti ta musamman, ya bi sautukan da ya naɗa ɗaya bayan ɗaya ya tace su tas, ya goge na asalin don suna cin wuri. Har kiran Laila ya yi ta zo ta ji.

"Kin ji? Fes! Ko sabuwa albarka."

"Na ji," ta ce. "Ni dai da na san muryar surukina, yanzu ban san ko wane ne wannan ba."

Ya ce mata kiɗa ba girki ba ne.

Ana haka ampli ta yi wani ɗan tari, ta yi wari, ta mutu. Da ya kwance bayanta sai ga murfin gwangwanin sardin ya yi tsatsa, an huda gefensa an zura wasu ƙananan zobba baƙaƙe, an ɗaure shi da waya jikin lasifika. Imrana ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe sharar da wani mai gyara ya manta ce ta wahalar da shi haka! Ya tsinke abin ya jefa a kwandon shara, washegari masu kwasa suka tafi da shi.

Laila ta sauka lafiya, namiji. Ana jibi suna Imrana ya kinkimi kwamfuta da lasifika zuwa Treichville, gidan mahaifinsa da ke bayan tashar Bassam. Ya jona jita, ya miƙa wa tsoho, ya harɗe hannu yana jiran yabo.

Baba Nomau ya taɓa waya. Ya sake taɓawa. Ya karkata kai yana saurare.

"Lallai ita ce," ya ce a hankali. "Har ɗumin nata. Sannu da aiki. Saura ka ɗauko murfin nan da ke cikinta ka ɗaura a nan."

"Wane murfi, Baba?"

"Na sardin mana. Ni na ɗaura shi shekarar da na saye ta. Ka taɓa jin molo ba ƙarfen da ke zizar a wuyansa? Jita ba zizar ai magana ce ba gishiri. Zobban na molon mahaifina ne, su kaɗai na fito da su daga Ƙonni."

Faransancin da ke bakin Imrana kullum ya gudu, Hausar ma ta ƙi zuwa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Tsoho ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, ya gane. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya jingine jita da bango, ya ce bari ya yi alwala.

Ranar nan gidan Imrana an ci sardin kamar an yi musu wahayi. Gwangwani bayan gwangwani yana buɗewa, yana huda murfi da ƙusa, yana zura zobban makullai, yana karawa a lasifika. Wani ya yi ƙara kamar kwano ya faɗi, wani ya yi shiru. Laila tana shayar da jariri tana kallonsa.

"Misye Enjeniye, wannan ma lissafin ne?"

Ya ci gaba da huda murfi. A ƙarshe ya sami wanda ya ɗan yi, sai dai ba ya zizar daidai sai an dafe shi da yatsa, ba da ƙarfi ba, ba sako-sako ba.

Ran suna aka cika tsakar gida, aka raɗa wa yaro Nomau. Tsoho ya ɗauki jita. Abokansa na da suka miƙe suna rawa da gwiwoyin da suka ƙi lanƙwasa, mata suna guɗa, baƙi suna nuna kwamfuta suna cewa kai, boko ya yi rana. Shi kuwa mai bokon yana tsugune a bayan lasifika cikin sabuwar shadda, yatsa a kan murfin sardin, gumi na bin wuyansa, ba halin ko ya gaisa da mutane.

Da aka gama Baba Nomau ya sa jita a jakarta, ya zuge. Imrana ya matso, yatsan ya ƙage.

"Baba, ta yi?"

"Ba ta yi ba. Na mahaifina sun fi wannan kuka." Ya miƙa hannu aka ba shi jaririn, ya gyara masa hula. "Amma takwarana bai ji waɗancan ba, naka ya ji. Ka adana murfin da kyau, kada wani mai ilimi ya zubar."