Man Zafin Baba

Tsumman da ke hannunta ya jiƙe sharkaf, amma jinin hancin Baba bai tsaya ba. Da ya buɗe baki zai yi magana, sai ta ga dasashinsa ma jini yake yi.

"Haɓo ne kawai, Auta," in ji shi. "Tafi wurin aikinki."

Ba ta tafi ba. Wajen canza masa riga ta ga tabo baƙi-baƙi a damtsensa da haƙarƙarinsa, kamar wanda aka lakaɗa wa duka, alhali tun da aka yi masa aikin zuciya ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Ta kira mai tasi.

A cikin cunkoso Baba ya jingina kai a kafaɗarta ya yi shiru, shi da ba ya barin direba ya sha iska da surutu. Ta dinga kiransa don kawai ta ji ya amsa.

A asibiti likita ta sunkuya tana duba shi, sai ta ɗago.

"Yana shan maganin tsinka jini?"

"Kullum. Ni nake ba shi."

"Wannan ƙamshi mai kama da na'a-na'a fa?"

"Man zafi ne, na ciwon gwiwa. Mai shago ya ce daga ganye ake tatso shi."

"Ko daga ganye ne, sinadarin cikinsa ɗan'uwan asfirin ne, kuma fata tana tsotse shi. In ya haɗu da maganin da yake sha, sai jini ya ƙi daskarewa. Ba na hancin nake tsoro ba. Kada a ce yana zuba a cikin kai."

Aka tura shi ɗakin hoto. Auta ta tsaya a baranda. Safe da yamma take shafa masa man nan, har ta naɗe gwiwar da tawul mai ɗumi don ya ratsa sosai. Ta je famfo ta cuɗa hannuwanta da sabulu har suka yi zafi. Ƙamshin bai fita ba.

Sai bayan azahar likita ta fito. Babu jini a kai. An yi masa allura, haɓon ya tsaya, amma zai kwana biyu a wurinsu.

Yayanta, wanda kowa a gidan yake shakkar bakinsa, ya iso ɗakin da aka kwantar da Baba yana huci.

"Wa ya kawo wannan man gidan?"

Auta ta buɗe baki, Baba ya riga ta.

"Ni na aika aka sayo, ni nake shafa abina. Da magana?"

Yaya ya dubi yatsun Baba, waɗanda amosani ya lanƙwashe, ko murfin kwalba ba sa iya buɗewa. Ya dubi ƙanwarsa. Sai ya jawo kujera da ƙafa.

"Zauna," ya ce mata. "Kin ci wani abu kuwa tun safe?"