Gawar Cornelius

Ni dai tun farko na ce kada ya shiga akwatin nan. Amma mijina, Baban Edna, da zarar Bature ya yi masa murmushi, kunnensa ya toshe ke nan.

A shekarar ƙarin albashin Udoji ne wani Bafaranshe mai suna Tiyeri ya sauka Gombe da kyamara ɗaya da abokai biyu, wai fim zai yi. Ba kamfani a bayansa, motarsa ma sai an tura. Labarin wani ɗa ne da ya tafi Faransa karatu, bai dawo gida ba sai cikin akwati. Mijina Cornelius kafinta ne, shi aka ba aikin akwatin. Da aka rasa mai kwanciya a ciki, gogan naka ya ce shi zai yi.

Na ce, "Baban Edna, Mama fa kai kaɗai ka rage mata, sauran duk ta binne su. Ka aika Kaltungo a gaya mata wasa ne."

Ya ce wa zai kai mata labari?

Aka kwashe mu, matan zumunta na coci, zuwa wani fili wajen Barunde, bakin hanya, mu yi kukan makoki. Rana ta dafa mu. Mu yi kuka, Tiyeri ya riƙe kai, ya ce kukanmu na ƙarya ne. To da na mene ne? Mutumin da ya ci tuwona da safe zan yi wa kukan gaske? Mu sake, ya ce a sake. Cornelius kuwa an ja masa kunne: ko sama za ta faɗo, kada ya motsa sai Tiyeri ya tafa hannu.

Ashe Inuwa direba, wanda ya san mu, ya wuce da motar Kaltungo, ya ga akwati a buɗe, ya ga fuskar, ya gan ni ina birgima. Bai tsaya tambaya ba.

Washegari muna tsakiyar kukanmu na gajiya, sai ga Mama, ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya. Ta ratsa mu ta faɗa kan akwatin tana kiran sunansa na yare, wanda ba mai kiransa da shi sai ita. Wayyo, ban taɓa jin murya irin wannan ba. Na yunƙura, abokin Tiyeri ya tare ni da hannu. Shi kuwa Tiyeri ya manne ido a kyamara, ya samu abin da yake nema.

Cornelius bai motsa ba. Tana shafa fuskarsa, tana roƙon Allah ya ɗauke ta a madadinsa, shi yana kwance yana jiran tafi.

Da aka tafa, ya tashi zaune. Na zaci za ta suma, ko ta rungume shi. Sai kawai ta ja da baya, ta daɗe tana kallonsa.

"Kana jina?"

"Mama, aiki ne, an ce kada..."

"Na ce kana jina?"

"Ina ji, Mama."

Ta ce mini, "Juliana, raka ni tasha." Ko ruwa ba ta sha ba.

Fim ɗin ba mu taɓa ganinsa ba, an ce a can ya yi farin jini, su suka sani. Duk Kirsimeti muna zuwa Kaltungo, ta dafa masa abinci, ta amsa gaisuwarsa kamar ta baƙo. Har ta koma ga Allah bai ƙara jin sunan nan a bakinta ba.