Maɓallin Jitar Baba Ibram

Musbahu ya lura ƙaramin yatsan Baba Ibram na dama a lanƙwashe yake, amma bai kawo komai a ransa ba. Tsohon makaɗin ya taso daga Nguru har shagon Musbahu na gyaran rediyo a Gashuwa da jitarsa mai lantarki, irin wadda ake kwantarwa a cinya ana goga mata guntun ƙarfe. Waya ce ta tsinke a ciki.

Da Musbahu ya haɗa wayar, sai ya ga maɓallin ƙara murya ya saki, da an taɓa shi sai ya juya. Don ya burge, ya cire shi ya jefar, ya sa sabo mai tauri.

Ranar da tsohon ya dawo, ya jona jitar, ya maƙala yatsan nan a maɓallin, ya taɓa tsirkiya. Maɓallin ya ƙi motsi, sautin ya fito ƙwal kamar faɗuwar tasa.

"Ɗana, ina tsohon maɓallin?"

"Ai ya lalace, Baba. Na jefar."

"Shekara talatin ina lallashinsa kafin ya yi laushi. Makaɗan Yarbawa na layin dogo suka koya mini. Ka rufe murya, ka taɓa tsirkiya, sannan ka buɗe a hankali da yatsan nan. Sai ta yi kuka kamar goge, ba a jin bugun."

Musbahu ya kasa haɗa ido da shi. Ya zagaya bayan shago yana tonon bolar da aka ƙone tun shekaranjiya. Da ya dawo, hannu duk toka, bencin shago wayam. Baba Ibram ya naɗe jitarsa a zane ya tafi.