Akwatin Gawa Mai Ƙofa a Ƙasa

Walburga ta cafke hannun rigar sarki a bakin kasuwa, tsakanin masu kabeji. Sarki Kasimir ya saba yawo haka ba dogari, wai yana sauraren talaka. Ita ta raine shi, don haka ba ta durƙusa ba.

"Mijina Ignaz ya mutu jiya. Da hannunsa ya sassaƙa akwatinsa, an ce ba za a sa shi ciki ba."

"Doka ce, Inna. Daji na ƙarewa, sanyi na kashe mutane, mu kuma muna binne itace. Ni ma a buhu za a ɗinke ni."

Tun hawansa ya hana bulala, ya buɗe makarantu, da ya gama da masu rai ya juyo kan matattu. Kowace coci akwati ɗaya, mai ƙofa a ƙasa. A kai mutum bakin rami, a ja ƙarfe, ya faɗa, a koma da akwati.

Ta dube shi sama da ƙasa. Yana yaro ubansa kan kulle shi a ɗakin ƙarƙashin coci, tsakanin akwatunan gawar kakanni, wai don ya zama jarumi. Ita ke ɗauko shi, wando jiƙe, yana cewa suna ƙwanƙwasawa daga ciki.

"To, ranka ya daɗe, zo ka ja ƙarfen da kanka."

Ya zo kuwa, wannan kam ta yaba masa. Fada, limamin coci, ya gama addu'a, masu ɗauka suka daidaita akwatin kan rami. Sarki ya cire safar hannu ya kama ƙarfen. Bai ja ba. Ƙanƙara na sauka a kafaɗarsa, leɓensa na motsi ba magana. Masu ɗauka suka fara gajiya, ba mai ikon tari.

"Matsa, Kasi," in ji ta.

Ta ja. Ignaz ɗan siririn mutum ne, har mutuwa ba ya cika kujera, amma ƙarar faɗuwarsa sai da hankaki suka tashi daga bishiya.

Sarki bai ɗago ba. Masu ɗauka suka goge cikin akwatin da ciyawa, suka mayar da ƙofar.

"Ku hanzarta," in ji fada a hankali. "Akwai jana'izar 'yar mai niƙa da yamma."