Amsa Daga Rumfar Jirgi

Inna ta riga ta cire takalmanta ta riƙe a hannu kafin mu iso bakin rumfar jirgi, wai suna rage mata sauri. Ni kuwa ina biye da ita ina haki, ga tsufa ga gwiwar da tuƙin bas ya cinye.

Tun da safe muke neman mijinta, Kyaftin. Maƙwabcina ne, katangarmu ɗaya tun muna da baƙin gashi. A 'yan shekarun nan mantuwa ta kama shi, har ita Innar sai ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Likita kuma ya ce zuciyarsa ta gaji, a yi ta lallaɓawa. Ranar, Inna ta shiga wanka ta fito ta tarar da ƙofar gida a buɗe, gado ba kowa. Mun duba tasha, mun duba asibiti, mun bi bakin babban titi muna leƙa kwalbati. A hanya ta gaya mini ita ba mutuwarsa take tsoro ba, wannan ta daɗe da sallamawa. Abin da ke cin ranta shi ne ya faɗi a gefen titi cikin mutanen da ba su san shi ba, a rufa masa kwali, a yi ta tambayar na wane ne.

Rumfar a da ɗakin ajiye jirage ce. Da aka rufe ƙaramin filin jirgin, aka bar wa kanikawa ita, kuma mijin Inna ne ya fara shigar da mota ciki. Daga nan ya samo sunan Kyaftin, mutumin da ko tsani ya taka sai jiri ya ɗebe shi.

Ranar hutu ce, ƙofa a kulle. Dogo, wanda ya gaji garejin a hannun Kyaftin kuma shi ma yanzu ya yi furfura, ya zo da makulli yana ta rantsuwa cewa ko ɓera bai shiga ba. Inna ta ce ya buɗe kawai. Ya buɗe ƙaramar ƙofar da ke jikin babbar, muka shiga.

Wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane girman wurin ba. Motoci jere a kan tsohon layin rawaya da tayar jirgi ke bi a da, wasu ba taya, wasu baki buɗe, ga warin baƙin mai, ga tantabaru can sama a jikin ƙarafan rufi. Ni da Dogo muka shiga ƙwala kira. Rumfar ta riƙa maido mana da muryoyinmu ta ko'ina, har ka rasa wa ya kira wa.

"Ku yi shiru haka nan," in ji Inna. "Mutumin da ya manta sunansa, da me zai amsa muku?"

Ta ajiye takalmanta ta nufi ginshiƙin tsakiya, inda wata babbar sifana ke rataye da waya. Sai a lokacin na tuna. A wannan rumfa murya ba ta da amfani, shi ya sa tun farko Kyaftin ya kafa doka: mai neman wani ya bugi ginshiƙi, wanda ke ƙarƙashin mota kuma ya amsa da bugun ƙarfen da ke kusa da shi. Shekara da shekaru da haka Inna ke sanar da shi ta kawo abincin rana.

Ta buga. Tantabaru suka watse, sannan wurin ya yi tsit. Ta sake bugawa. Na fara neman kalmar da zan ba ta haƙuri da ita, sai muka ji wani ɗan ƙwas daga can ƙuryar baya.

Inna ta riga mu isa. Ƙafafunsa muka fara gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar a-kori-kura. Ashe ta inda wani kwanon rufi ya ɓalle a bango ya shigo. Ya shimfiɗa kwali, ya sa katako ya tokare taya kamar yadda ya koya wa kowa, ya kwanta da sifana yana ɗaure abin da ba ya buƙatar ɗauri. Muka jawo shi a hankali. Numfashinsa sama-sama, leɓɓansa sun bushe. Inna ta zauna a kan simintin ta ɗora kansa a cinyarta.

Ya daɗe yana kallonta. "Uwar yara," ya ce, "yau kin makara."

Rabon da ya kira ta haka har mun daina sa rai. Ta yi dariya, hawaye na zuba. "Yi haƙuri, Maigida. Wutar ce ta ƙi kamawa."

"To, ajiye. Na kusa gamawa."

Dogo ya ce a kai shi asibiti, ya ja ni mu buɗe babbar ƙofa don a fitar da mota. Ƙofar jirgi ce, ba a yi ta don tsofaffi biyu ba. Muka sa kafaɗa muna nishi, tana kuka a kan layin ƙarfenta, har ta buɗe daidai faɗin mota, hasken rana ya kwararo ciki. Da muka juyo, Inna ta ɗaga mana hannu alamar mu bari.

"Ya tafi," ta ce. "A hannuna. Alhamdulillahi."

Dogo ya durƙusa ya rufe fuska. Ni dai, ba zan ɓoye ba, na yi baƙin cikin rabuwa da abokina, amma abin da ya fi yawa a ƙirjina sauƙi ne, irin na wanda aka sauke wa kaya bayan doguwar tafiya. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, gwiwata ma ta daina damuna.

Inna ta zare sifanar daga hannunsa ta ajiye a kan kwalin. Ta kama gefen zaninta tana goge masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Baƙin man da ke ƙarƙashin faratansa ya ƙi fita, sai ta bar masa shi.