Mota ta Tara

Da kamfanin tasi ya rufe, aka kwance rediyoyin oba-oba daga motocinsa aka zube su a sito kamar shara. Wata mai gyaran rediyo ta je ta tono na babanta, tsohon direban kamfanin. Ba ta sha wuya ba, don har yanzu da tabon shayi a murfinsa.

Tun da idon tsohon ya tafi ya bar tuƙi, magana ma ta tafi. Mutumin da a dā sai an roƙe shi ya saki makirfo, yanzu daga "to" sai "a'a". Abin yana cin ta. Tsoronta kada ya ƙarasa kwanakinsa a haka, fuska ga bango.

Ita tana cikin masu rediyon sha'awa, mutanen da ke hira da baƙin da ba su taɓa gani ba, kowa da lasisi da lambar kiransa. Sai dai an ƙera rediyon don mitar kamfani, ba tasu ba. Ta buɗe shi a teburin shagonta, ta goge tashoshin kamfanin da kwamfuta, ta bi ƙananan naɗin waya da siririn sukudireba tana murɗawa a hankali, allurar na'urar awo na rawa. Rediyon ya yi taurin kai irin na mai shi, amma ya bi.

Da hantsi ta kafa eriya a tagar ɗakinsa, ta sa masa makirfo a hannu.

"Baba, lambata za ka fara faɗa, ƙa'idarsu ce. Sannan ka yi sallama."

Ta maimaita masa lambar. Ya gyaɗa kai. Yatsansa ya sami maɓallin ba tare da lalube ba, ya gyara zama, ya miƙe baya.

"Ofis, ofis, mota ta tara ce. Na fito."

Lambar da ta koya masa ta bi iska. Rediyon ya yi shuu. Masu sha'awa na nan suna ji, ta sani, amma wa zai amsa wa tasin da ya ɓato cikin mitarsu? Tsohon ya sake kira, muryar ta fi ta farko ƙanƙanta. Kafaɗunsa suka fara sauka.

Ta zari ƙaramin rediyonta na hannu ta fita baranda, ta ja ƙofa.

"Mota ta tara, ofis na jin ka."

Ya san muryar, ba yaro ba ne. Amma bai fasa ba.

"Madalla, ofis. Mota lafiya lau, mai a cike. Ina zan ɗauki fasinja?"

Ta dubi titi, motoci na wucewa ba ruwansu. Ta danna maɓallin ta saki, ta sake dannawa.

"Babu kowa tukuna, mota ta tara. Ka tsaya a kan layi."

"Ina nan," in ji shi. "Ba inda za ni."